"Turo min a dokumen": abin da ke bin hoto da takarda ido bai gani ba

Injiniya, Ikeja:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Akwai wata al'ada da ta yi mana yawa a nan, ina roƙon mu tsaya mu dube ta. Da zarar wani ya ɗora hoton kaya ko na ɗakin haya ko na mota, sai ka ji an ce masa "turo min a dokumen don kar ya dusashe", wato ya tura shi ta WhatsApp a matsayin fayil. Gaskiya ne a dokumen hoto kan zo tar, amma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Duk wayar da ta ɗauki hoto tana rubuta wasu bayanai a cikin fayil ɗin, waɗanda ba sa fitowa a fuskar hoton: kamfanin wayar da samfurinta, ranar da aka ɗauka da sa'a har da daƙiƙa, in kuma an ba kyamara izinin sanin wuri, to har da lambobin GPS na inda mai ɗauka ya tsaya. Sunan tsarin EXIF, daga Japan ya fito tun 1995, kusan kowace kyamara da waya da shi take aiki. Wanda ya karɓi hoton ba sai gwani ba. Ya buɗe bayanan hoton a wayarsa, taswira ta fito, shi ke nan ya san layinku, sau da yawa har gidan.

In ka tura ta hanyar hoto da aka saba, WhatsApp kan matse shi ya zubar da waɗannan bayanai. In ka tura a dokumen, fayil ɗin asali ne ke tafiya. Haka Telegram in ka zaɓi fayil, haka imel, haka in ka ba mutum ta Xender ko a filashi.

Maman Hanifa, Agege:
Wa alaikumus salam. Innalillahi! Injiniya, ni fa ɗakina shi ne shagona. Turaren wuta da humra da atamfa duk a kan gado nake jera su in ɗauka, masu sari kuma daga Ibadan har Fatakwal dokumen suke cewa, wai suna so su ga zanen atamfar sosai. Yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ke nan duk sun san gidana?

Injiniya, Ikeja:
Kwantar da hankalinki Hajiya, ba lallai ba ne. Ya danganta da ko alamar wuri a kunne take a kyamararki. Buɗe ɗaya daga cikin hotunan, ki ja shi sama ko ki danna Details. In kin ga taswira ko sunan unguwa, to akwai. Kashewa ba wuya: buɗe kyamara, shiga saitinta, ki nemi inda aka rubuta Location ko Location tags ki kashe. Masu iPhone su shiga Settings, su nemi Location Services, a kan Camera su zaɓi Never. Tun 2019 ma iPhone ya sa wani Options a saman shafin tura hoto, kana iya kashe wuri daga can kafin ka aika. Sai dai kashewar yau ba ta goge abin da ke cikin tsofaffin hotuna, su sai an bi su daban.

Alhaji, Idi-Araba:
Salamu alaikum. Na karanta, amma ni dai ina ganin yaran nan kuna ɗaga wa mutane hankali. Ina garin nan tun kafin a san wayar hannu, kuma a Idi-Araba babu wanda bai san ƙofar gidana ba. Mai shayi ya sani, ɗan acaɓa ya sani, Yarabawan layinmu sun sani. Wanda bai ci amanar kowa ba, me zai ɓoye? Mai kaza a aljihu ai shi ne ba ya jimirin as.

Ɗalibar Akoka:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maƙwabtanka sun san gidanka, kai ma ka san nasu, in wani ya cuce ka ka san ƙofar da za ka buga. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya san gidanka alhali kai ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba. Ka duba mai canjin da zai ɗauki hoton daloli a falonsa ya tura wa wani da ya ce abokin wane ne ya ba shi lamba. Ko matar da ta gudo daga mijin da ke dukanta, ta ɓuya wajen 'yar'uwarta a Ikorodu, sai tausayi ya sa ta tura wa kakar yara hotonsu. Wane laifi waɗannan suka yi? Amma lambobin GPS biyu kacal a cikin fayil sun isa a zo har bakin ƙofa, a wannan zamani da ake satar mutum don kuɗin fansa.

Injiniya, Ikeja:
Abin ya taɓa faruwa a idon duniya. A Disamba 2012 'yan sandan ƙasar Belize suna neman John McAfee, mutumin da ya kafa kamfanin rigakafin cutar kwamfuta, don su yi masa tambayoyi kan kisan maƙwabcinsa. 'Yan jaridar mujallar Vice da ke tare da shi suka wallafa hotonsa da aka ɗauka da iPhone, ba su cire bayanan ba. Mutane suka duba suka ga yana Guatemala. Kwana biyu tsakani aka kama shi a can.

Alhaji, Idi-Araba:
To ka gani! Da bakinka ka faɗa, wanda hukuma ke nema ne abin ya tona. Ke nan abin nan yana da amfani, ku kuma kuna koya wa mutane su goge. Gobe ɗan damfara ya karanta wannan zaure ya koyi yadda zai share sawunsa.

Ɗan Mile 12:
Ni ina bayan Alhaji a nan, kuma da dalili. Tumatir nake saukewa daga Kano da Zariya. Direba sai ya kira ka ya ce yana Jebba, gada kawai ya rage ya haye, alhali ko Tegina bai kai ba, ko ya tsaya ɗaukar wani lodi na gefe. Tumatir ba ya jira, kwana ɗaya a rana ya isa rabin kwando ya zama ruwa. In na ce ya turo hoton mota a dokumen na ga sa'a da wuri, ai na huta. Abin nan kamar alamar da muke yi wa buhu ne da fenti, ita ke nuna na wane ne kuma daga ina ya fito. Wa zai ce a riƙa kankare alama daga buhu?

Injiniya, Ikeja:
Yaya, ban ce a kankare ko'ina ba. Tsakaninka da direbanka akwai yarjejeniya, ya san kana son sanin inda yake, ya kuma yarda. Maman Hanifa ba ta yi wannan yarjejeniya da mai sarin Fatakwal ba, atamfa kawai ta yi niyyar nuna masa. Sannan kar ka dogara da shi ɗari bisa ɗari. Agogon waya ana sauya shi, akwai manhajojin da ke sa waya ta yi ƙaryar wuri, bayanan EXIF kansu ana gyara su cikin minti ɗaya. Kiran bidiyo ka ce ya nuna maka allon gefen titi ya fi ƙarfi. Wannan kuma shi ne amsata ga Alhaji, ranka ya daɗe: ɗan damfara ya riga mu sanin duk wannan, sana'arsa ce. Wanda bai sani ba shi ne mai gaskiya.

Baban Walid, mai shagon kwamfuta, Obalende:
Ku bar ni in shigo, don ni a wajena matsalar takardu ta fi ta hotuna. Duk takardar Word tana ɗauke da sunan wanda ya fara rubuta ta, da sunan wanda ya taɓa ta a ƙarshe, da ranar da aka ƙirƙire ta, da jimillar mintunan da aka ɗauka ana gyara, wani lokaci har sunan ma'aikatar da ke da kwamfutar. Mutane kan zo shago da tsohuwar takardar wani su ce a cire sunansa a sa nasu, a sauya farashi. Fuskar takarda ta sauya, amma a ciki sunan mai ita na farko yana nan. Masu neman kwangila da ke kai kwateshan uku da sunan kamfani uku, in duk a kwamfuta ɗaya aka buga aka tura ta imel, mai tantancewa da ya san aikinsa zai ga suna ɗaya a duka ukun. Wannan kam gara ya gani, ba shi nake karewa ba. Wanda nake tausayi shi ne yaron da ya ari tsarin takardar neman aiki wajen abokinsa, komai na ciki nasa ne na gaskiya, amma fayil ɗin yana kiran sunan wani.

Wanda ya fi ciwo shi ne Excel. Ɗan kasuwa yana da jerin kaya, layi ɗaya farashin da ya saro, layi ɗaya farashin da zai sayar. Sai ya danna Hide a kan layin sari ya tura wa kwastoma. Kwastoma ya danna Unhide, ribarsa gaba ɗaya ta fito fili. Ba a goge komai ba, labule kawai aka ja. Haka hoton da ka yanke a cikin Word ko PowerPoint, ɓangaren da ka yanke yana nan, duk wanda ya ja gefen zai dawo da shi, sai in ka shiga Compress Pictures ka ce a share wuraren da aka yanke.

Ɗan Mile 12:
Subhanallahi. Wannan na Excel ɗin ya taɓa ni. Yarona ke tura wa masu otal jerin farashi kowane mako.

Ɗalibar Akoka:
Ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba, gwamnatin Birtaniya ma ta faɗa wannan rami. A farkon 2003, ana shirin yaƙin Iraƙi, ofishin Firaminista Tony Blair ya saka wani rahoto kan Iraƙi a intanet a matsayin fayil ɗin Word. Aka gano an kwafo sassa masu yawa daga rubutun wani mai bincike, Ibrahim al-Marashi, har da kurakuran rubutunsa. Daga baya wani masanin kwamfuta ya buɗe tarihin gyaran da ke cikin fayil ɗin, sunayen ma'aikata huɗu da takardar ta bi ta hannunsu suka fito.

Maman Hanifa, Agege:
Na duba, taswira ta fito, har sunan titinmu. Na kashe yanzu. To tsofaffin fa, da takardun? Ku faɗa mana a hankali, ba kowa ne ya yi boko mai zurfi ba.

Baban Walid, mai shagon kwamfuta, Obalende:
Na takardu ni zan amsa, Hajiya. Da farko ki yi kwafi, kada ki taɓa na asali. A kan kwafin, cikin Word ko Excel, danna File, sai Info, sai Check for Issues, sai Inspect Document. Zai lissafo abin da ya gano: sunan marubuci, sharhin da aka bari a gefe, gyare-gyaren da ba a kammala karɓa ba, ɓoyayyun layuka da shafuka. Ki danna Remove All a kan kowane, ki adana. Dalilin yin kwafi shi ne wasu abubuwan in sun tafi ba sa dawowa.

Hotuna kuma a kwamfutar Windows, danna dama a kan fayil, Properties, Details, a can ƙasa akwai rubutu shuɗi mai cewa Remove Properties and Personal Information. Zaɓi ya yi miki sabon kwafi wankakke. Kina iya haɗa hotuna da yawa ki yi musu lokaci ɗaya.

Kada kuma wani ya ɗauka mayar da takarda PDF wanki ne. Word kan kwashe sunan marubuci da take ya zuba a cikin PDF ɗin, sai in ka wanke tukuna, ko ka shiga Options wajen adanawa ka cire alamar Document properties.

Injiniya, Ikeja:
Wanda ba shi da kwamfuta, hanya mafi sauƙi ita ce ya buɗe hoton ya ɗauki sikirinshot, ya tura sikirinshot ɗin. Sabon fayil ne, ba ya gadon wurin da aka ɗauki na farko, sai dai kyansa kan ragu. Don atamfa, Hajiya, gwada maɓallin HD da WhatsApp ya ƙara a 2023, zane kan fito sosai ba sai an bi ta dokumen ba. Kada kuma ki ɗauki maganata kawai: tura wa wata waya ta gida, ki buɗe bayanan hoton a can ki gani da idonki. Wayoyi sun bambanta, manhajoji kuma suna sauya hali in an sabunta su, gwajin nan shi ne abin dogaro.

Masu aiki da fayiloli da yawa su nemi manhajar ExifTool, kyauta ne, wani ɗan Kanada Phil Harvey ya rubuta shi tun 2003. Yana nuna komai, yana gogewa daga hotuna. Amma a PDF gogewarsa ba ta kai tushe ba, shi kansa mai manhajar ya yi gargaɗin ana iya dawo da abin da aka cire.

Barista, Ikeja:
Assalamu alaikum. Na bi maganar tun daga farko, kuma ina so in ce Alhaji yana da gaskiya a wani ɓangare da bai kamata a tsallake ba. Waɗannan bayanai hujja ce. A Amurka akwai wani mai kisan mutane, Dennis Rader, ya kashe mutum 10 a jihar Kansas tsakanin 1974 da 1991 ba a kama shi ba. A 2005 ya aika wa wani gidan talabijin saƙo a faifan kwamfuta. Masu bincike suka tono wata takardar Word da ya goge, a cikin bayananta akwai sunan cocinsa da sunan "Dennis". Da wannan aka kai gare shi.

Mu dawo gida. Mai gida ya cire maka rufi don ka tashi, ɗan kwangila ya yi maka aikin banza, mota ta buge ka a kan titin Ikorodu, an sauke maka kaya ruɓaɓɓu: hoton da ka ɗauka a lokacin, da ranarsa da wurinsa a ciki, ya fi wanda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya nauyi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 shi ke magana kan hujjar da ta fito daga kwamfuta ko waya, yana kuma neman takardar shaida mai bayyana na'urar da yadda aka samar da abin. Lauyan ɗaya ɓangaren zai tambaye ka ina na asalin. In ka ce ka wanke shi, ka ba shi ƙofa. In kuma shari'a ta riga ta taso sannan ka hau goge-goge, ana iya karanta shi a matsayin ɓata hujja, wannan kuwa babbar magana ce.

Don haka ni abin da nake gaya wa waɗanda nake wakilta: na asali ya zauna a wayarka ko a filashi, kar a taɓa shi. Abin da zai fita zuwa hannun baƙo, kwafi ne wankakke.

Alhaji, Idi-Araba:
Yauwa 'yata, Allah ya yi miki albarka. Da haka aka fara da ban yi musu ba. Amma har yanzu ina cewa wanda zai sayar mini da fili a Ikorodu ko Mowe, in ya turo hoto wankakke ba zan yarda da shi ba.

Barista, Ikeja:
Baba, wanda zai sayar maka da fili, ko da hoton ya zo da lambobi goma kar ka yarda da hoto. A je a taka filin, a ɗauki safiyo, a bincika takardu a ofishin filaye na jihar da filin yake.

Akwai wani abu kuma da nake gani kullum a wajen aiki. Mutum zai tura bayanin asusunsa na banki ko takardar NIN, sai ya ja baƙin layi a kan lambar ya ɗauka ya rufe. In PDF ne, rubutun yana nan a ƙarƙashin baƙin, a kwafa a liƙa a wani wuri ya fito. A Janairu 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, sun shigar da takarda kotu da irin wannan rufi, 'yan jarida suka kwafe abin da ke ƙasa suka karanta a ranar. Manyan lauyoyi ke nan a Washington.

Injiniya, Ikeja:
A waya ma haka ne, Barista. Alƙalamin nan mai kama da maka (marker) da ake shafawa a kan sikirinshot, wani ba ya rufewa ruf, in an ƙara haske lambar sai ta leƙo. A yi amfani da akwati baƙi mai kauri, sannan a sake ɗaukar sikirinshot na abin da aka rufe, shi za a tura. A 2023 ma an gano wata ɓaraka a wayoyin Pixel na Google da manhajar yanke hoto ta Windows, inda ake iya dawo da ɓangaren da aka yanke daga sikirinshot. An toshe ta, amma wanda ba ya sabunta na'urarsa yana nan da ita. Takarda mai nauyi sosai kuwa, buga ta a firinta, ka yanke wurin da almakashi ko ka rufe da takarda, ka yi sikanin sabo.

Malam, Alaba Rago:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Duk kun yi magana a kan mai turawa, ni ina so in yi a kan mai karɓa. Yanzu mutum ɗari nawa ne a zauren nan suka koyi yadda ake buɗe bayanan hoto? Kada wani ya koma cikin wayarsa ya hau bin hotunan da matan mutane da 'yan kasuwa suka taɓa turo masa yana neman gidajensu. Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12, kada ku yi bin diddigin asirin juna. A Suratun Nur, aya ta 27, ya hana shiga gidan da ba naka ba sai da izini da sallama. Wanda ya turo maka hoton atamfa, atamfa ya ba ka izinin gani. In ka lura hotonsa na ɗauke da adireshinsa, ka kira shi a gefe ka sanar da shi, wannan shi ne haƙƙin ɗan'uwantaka. Masu shagon kwamfuta da masu gyaran waya kuma, abin da ke cikin na'urar mutane amana ce a wuyanku.

Baban Walid, mai shagon kwamfuta, Obalende:
Allah ya saka da alheri Malam. A shagona ƙa'ida ce, kwamfutar aiki ba ta ɗauke da sunan kowa, kuma duk abin da aka turo a buga, fasfo ne ko sakamakon asibiti, a gaban mai shi ake goge shi har daga kwandon shara. Ina roƙon 'yan'uwana masu wannan sana'a daga Obalende har Agege su yi haka. Akwai shagunan da in ka buɗe kwamfutarsu za ka tarar da katin shaidar mutane jibge tun na bara.

Barista, Ikeja:
Doka ma tana bayan wannan. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya tabbatar da sirrin ɗan ƙasa, gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A Yuni 2023 kuma aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Duk mai riƙe bayanan mutane don sana'arsa, nauyin kiyaye su na kansa, kuma bai kamata ya ajiye su fiye da buƙatar da ta sa aka ba shi ba.

Ɗalibar Akoka:
Don Allah a kula da abu ɗaya. In ka nema a Google za ka ga shafuka barkatai masu cewa ɗora fayil ɗinka mu wanke maka kyauta. Ka ɗora musu fasfonka ko takardar filinka, ka ba wanda ba ka sani ba takardar gaba ɗaya don gudun kar a ga sunanka a gefenta. Wankin a yi shi a kan na'urarka. Haka Facebook da Instagram, suna cire bayanan daga kwafin da jama'a ke gani, amma fayil ɗin ya riga ya isa hannunsu da komai nasa.

Sannan wanki ba ya cire abin da ke fuskar hoto. Allon shagon da ke kallon gidanku, lambar mota, bajen makarantar da ke rigar yaro, lambar mitar wuta a bango. Wanda ya san Legas, gada ɗaya ko hasumiyar masallaci ɗaya ta ishe shi.

Wani ɗan'uwa, Apapa:
Ina da tambaya, ku yi haƙuri ba zan faɗi wurin aikina ba. In mutum ya ga ana cutar leburori a wajen biyan kuɗi, yana so ya kai takardar ga 'yan jarida ko hukuma ba tare da an san shi ba ne, wankin nan ya isa?

Injiniya, Ikeja:
Bai isa ba, ɗan'uwa, kar ka yi gaggawa. Kwamfutar ofis kan rubuta wanda ya buɗe fayil da wanda ya buga shi, wannan yana wajensu, ba ya cikin takardar balle ka goge. Firintocin leza masu launi da yawa kuma suna zuba ƙananan ɗigo rawaya a kan kowace takarda, ido ba ya kama su, suna ɗauke da lambar injin da lokacin bugawa. A 2017 wata ma'aikaciya a Amurka, Reality Winner, ta aika wa jaridar The Intercept takardar sirri da ta buga a ofis. Hukuma ta duba ta ga mutum shida ne kacal suka buga ta, masana kuma suka hango ɗigon a kwafin da aka wallafa. An yanke mata fiye da shekara biyar. In mutum uku ne kawai ke ganin takardar albashin nan a wajenku, ko babu ɗigo ko ɗaya an san inda za a duba.

Barista, Ikeja:
Ɗan'uwa na Apapa, kar ka ƙara rubuta komai a kan wannan a cikin zaure, mutane sun yi yawa. Ka ga lauya ido da ido kafin ka fitar da ko shafi ɗaya, kuma kada ka yi wannan magana da wayar ofis ko intanet ɗin ofis.

Ɗan Mile 12:
Ni dai direbobina za su ci gaba da turo mini a dokumen, amma zan gaya musu ƙarara cewa wuri da sa'a nake dubawa, wanda bai yarda ba ya faɗa tun a Kano. Jerin farashi kuma daga yau hoto yaro zai riƙa turawa, ba Excel ba.

Maman Hanifa, Agege:
Injiniya, saura bidiyo. Masu sayen leshi sun fi son in juya shi a gaban kyamara su ga walƙiyarsa.

Injiniya, Ikeja:
Bidiyo ma yana ɗaukar rana da wuri da samfurin waya, Hajiya, kuma saitin nan da kika kashe a kyamara shi ma ya shafe shi, sababbin da za ki ɗauka ba za su zo da wuri ba. Tsofaffin kar ki tura su a dokumen, ki bi ta hanyar bidiyo da aka saba, ko ki sake ɗauka. Abin da za ki ƙara kula da shi a bidiyo shi ne sauti. Kwandastan danfo yana kiran Pen Cinema ko Iyana Ipaja a bayanki, ko yaro ya kira sunan maƙwabciya, duk suna shiga. Kafin ki aika, WhatsApp yana da alamar lasifika a saman bidiyon, danna ta ya tafi ba murya, bayanin farashi kuma ki rubuta a ƙasa.